Rabin Fuloti: Ta Ina Haske Zai Shigo?

Fulotin da aka saba yankawa a biranenmu ƙafa 50 ne a faɗi, ƙafa 100 a tsawo. Sai dai a yau mai ƙaramin ƙarfi a Kano ko Zariya ko Katsina da wuya hannunsa ya kai ga cikakken fuloti. Tsadar ƙasa ta sa ana tsaga shi biyu, wannan ya ɗauki rabi, wancan ya ɗauki rabi. Rabon gado ma yana yin nasa aikin: gidan da mutum ɗaya ya rasu ya bari sai ya koma uku, kowane magaji ya huda ƙofarsa. Da yake kuma kowa yana son gidansa ya taɓa layi, a tsaye ake tsagawa. Ta haka mutum yake tashi da fili mai faɗin ƙafa 25, wato mita 7 da rabi da ɗan ɗoriya, maƙwabci a damansa, maƙwabci a hagunsa, ga wani a baya. A unguwannin awon igiya akan samu wanda bai ma kai haka ba.

Irin wannan fili ya ishi magidanci da iyalinsa su zauna cikin walwala in an tsara shi da hankali. Abin takaicin shi ne abin da ake ɗorawa a kai. Mai fili zai kira birkila, ya nuna masa gidan wani amininsa da ke kan cikakken fuloti, ya ce, "Malam, irin wancan nake so, sai dai ka ɗan matse shi." Birkila kuwa ba ya musu da mai biyansa. Sai a ɗauko tsarin gidan da ke da sarari ta fuska huɗu a cusa shi tsakanin katangu biyu: falo a gaba, dogon korido a tsakiya, ɗakuna dama da hagu, a rufe duka da kwano ɗaya tun daga bakin layi har ƙarshen fili. Tagogi suna nan, har da gilashi mai tsada, amma in ka buɗe ka miƙa hannu bulon maƙwabci za ka taɓa.

Shiga irin wannan gida da rana tsaka, lokacin da a waje ido ba ya iya buɗuwa sosai saboda haske. Za ka tarar da uwargida a kicin ta jingina wayarta da gwangwanin gishiri, ta kunna fitilar, tana tsintar shinkafa. Yaron da ya dawo daga makaranta ya ɗauki littafinsa ya koma dakalin ƙofar gida. Da damina kayan cikin durowa su yi fumfuna, katifa ta riƙa warin sanyi. Da bazara kuma kowa ya naɗo tabarmarsa da dare a rasa inda za a shimfiɗa, domin ba a bar tsakar gida ba.

Tef ɗin awo kaɗai ya isa ya nuna inda aka kauce. Ɗakin kwanan da aka saba ƙafa 12 ne kowace fuska. Biyu a jere sun ci 24. Bangon waje biyu na bulo mai inci 9 sun ci ƙafa ɗaya da rabi, bangon tsakiya mai inci 6 ya ci rabin ƙafa. An kai 26 ke nan, alhali filin 25 ne, kuma ba a zo maganar korido ba, balle ratar da hukumar tsara birni kan nemi a bari tsakanin gini da iyaka. Faɗin rabin fuloti na ɗaki ɗaya ne mai kyau da wani ƙaramin abu a gefensa: hanya, ko banɗaki, ko sito, ko matakala. Wanda ya yarda da wannan tun da wuri ya hutar da kansa. Wanda ya ƙi, shi ne yake ƙarewa da ɗakunan da in aka sa gado ƙyaure ba ya buɗuwa duka.

Lissafi na biyu na haske ne. Hasken da ke shigowa ta taga ba ya nisa. Masu zanen gini suna kintata cewa yana aiki ne zuwa kimanin ninki biyu ko biyu da rabi na tsayin saman tagar daga ƙasa. Lintar da maginanmu suka saba zubawa tana kan ƙafa 7, don haka daga ƙafa 14 zuwa 17 haske ya gaji. Akwai kuma tsohuwar ƙa'ida cewa girman taga kada ya gaza kashi ɗaya cikin goma na girman daɓen ɗaki. Ɗaki mai ƙafa 12 kowace fuska, taga mai ƙafa 4 a 4 ta ishe shi. Amma duk wannan sai in tagar tana ganin sama. Ga gwajin da ba ya buƙatar injiniya: zauna a ƙasa a tsakiyar ɗakin, inda ake shimfiɗa ledar cin abinci, ka dubi taga. In ba ka hango ko ɗan yankin sararin samaniya ba, wannan taga sunanta kawai taga.

To, a haɗa lissafin biyu. Gida mai tsawon ƙafa 100 da ba shi da mafitar haske sai gaba da baya, ƙafa 15 na farko za su yi haske, 15 na ƙarshe su yi, ragowar 70 na tsakiya su zauna cikin duhu har ranar da za a rushe gidan. Gefe a toshe yake, kuma ko yau babu gini a filin maƙwabci, gobe zai yi, wataƙila ma bene. Hanya ɗaya ce ta rage, ita ce sama. Dole a yanke ginin a tsakiya a bar wuri a buɗe.

Maginan cikin badala sun daɗe da sanin haka. A tsofaffin unguwannin Kano irin su Yakasai da Koki, gida manne yake da gida, bangon da ke kallon lungu ba shi da taga sai 'yar kafa can sama, amma kana wuce zaure da shigifa sai ka faɗa fili, ɗakuna duk sun juyo suna kallonsa. Ba ina cewa ɗakunan nan haske gare su ba. Ɗakin soro duhu ne da shi, kuma da gangan aka yi shi haka saboda sanyi. Sai dai a wancan tsari ɗaki na kwana ne da ajiya. Girki da daka da kitso da wanki da hira duk a tsakar gida ake yi. Mu kuwa mun kwashe rayuwar gaba ɗaya mun mai da ita ƙarƙashin rufi, falo da kicin da talabijin, sannan muka toshe inda haske yake shigowa. Mun riƙe duhun da, mun zubar da filin.

Ba mu kaɗai ke fama da tsukakken fili ba. A tsohon birnin Hanoi na ƙasar Biyetnam akwai gidajen da faɗinsu mita 3 ko 4 ne, tsawonsu kuwa ya ninka haka sau goma ko fiye, kuma a yanke suke da ƙananan filaye a buɗe tsakanin sashe da sashe. A birnin Osaka na Japan, a 1976, mai zanen gini Tadao Ando ya gina wani gida a unguwar Sumiyoshi da faɗinsa bai kai mita 4 ba. Ya raba tsawonsa uku, ya bar kason tsakiya babu rufi, bangon waje kuwa ko tagar kallon titi bai yi masa ba. In ana ruwa sai mai gida ya ɗauki lema kafin ya tsallaka daga wannan sashe zuwa wancan. An soki wannan ɓangare, kuma da gaskiyar masu suka, amma gidan ne ya fara fito da sunan Ando. Faɗin gidan nan bai kai rabin na mai rabin fuloti ba.

Ga misalin yadda za a iya yanka ƙafa 100 ɗin, kuma misali ne, kowane gida da bukatarsa. A bar ƙafa 18 a gaba, wurin mota ko babur da tankin ruwa, wanda kuma shi ne ratar da ke tsakanin gida da ƙurar layi. Sai sashen gaba mai ƙafa 28, ɗaki biyu gaba da baya: falon maigida da baƙinsa yana kallon waje, falon iyali yana kallon ciki. Sai tsakar gida mai ƙafa 16. Sai sashen kwana mai ƙafa 30, shi ma layi biyu. A ƙarshe a bar ƙafa 8 a baya domin ɗakunan ƙurya su samu taga, a samu kuma wurin shanya. Abin lura a nan shi ne kada a jera ɗaki uku gaba da baya ba tare da an ratsa da fili ba, domin na tsakiyar ya zama kurkuku. Mai kwatar fuloti, 25 a 50, shi ma hakan zai yi, sai dai sashe biyu ƙanana da fili ɗaya, sauran bukata a hau sama da ita.

Akwai wata hanyar da mutanenmu suka fi sabawa da ita: a jera ɗakuna a gefe ɗaya, a bar doguwar tsakar gida mai ƙafa 9 ko 10 a ɗaya gefen. Tana da kyau, kowane ɗaki yana da ƙofa da taga a fili, kuma ana iya ginawa ɗaki-ɗaki yadda aljihu ya bari. Aibinta biyu ne. Iska ta fuska ɗaya take shiga ba ta da mafita, sai an huda ƙananan kafofi can kusa da silin. Sannan ranar da maƙwabci ya tashi bene a wannan gefe, matan gida sun rasa sakewa.

Na san abin da mai fili zai ce: "Ƙafa 16 ai ɗaki guda ne da banɗakinsa, ko shagon haya." Haka ne. Amma a tambayi uwargida inda za ta kafa turmi, inda za a yi wanki, inda za a ɗaure ragon layya, inda mata za su zauna ranar suna, inda yara za su yi rarrafe ta gan su tana girki. Gidajen da suka cinye tsakar gidansu ai muna gani, duk waɗannan abubuwa a kan layi suke yin su. Akwai ma waɗanda suka gaji fili a buɗe suka kira mai walda ya rufe shi da kwano, suka shimfiɗa tayil suka ce sun samu babban falo. Wata shida ba sa cika sai ka ji ana cigiyar mai sola, domin ƙwai sai ya kwana ya wuni a kunne.

Sai maganar fuskar da gida ke kallo, wadda mai sayen fili ba ya tambaya sai dai ya tambayi nisan titi. Kano tana kan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, saboda haka rana a sama sosai take bi. Sau biyu a shekara, wajen mako na uku na Afrilu da na Agusta, takan tsaya daidai tsakar ka. Tsakanin waɗannan lokuta tana ɗan karkata arewa, sauran watanni kuma kudu, inda a Disamba take sauka zuwa wajen digiri 55. Ma'anar wannan ga mai gini ita ce tagar da ke kallon kudu ko arewa tana samun haske wuni guda, kuma 'yar rumfa mai ƙafa biyu ko uku a samanta ta isa ta tare zafin. Tagar gabas da ta yamma su ne masu wahala, don rana a kwance take shigarsu. Ta gabas da sauƙi, hantsi ne. Ta yamma kuwa daga azahar har la'asar sakaliya take gasa ɗaki, bulo ya sha zafi ya riƙe, ya riƙa amayo shi har tsakar dare. A watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, mai kwana a irin wannan ɗaki ya san abin da ake nufi.

An saba ba da shawarar a miƙe gida daga gabas zuwa yamma, dogayen bangayensa su kalli kudu da arewa. Wannan na gidan da ke tsaye shi kaɗai ne. A tsukakken gida lamarin ya juya: dogayen bangayen maƙwabta sun kare su, tagogi a gajerun fuskoki suke. Don haka in kana da zaɓi, ɗauki filin da ƙofarsa ke kallon kudu ko arewa. In kuwa rabonka ya faɗa kan mai kallon yamma, to ka tura abin da ba a kwana a ciki zuwa wannan fuska, zaure ko sito ko banɗaki ko matakala, ka yi baranda mai zurfi. Fuskar gabas kuma a tuna daga can hadari yake tasowa, ruwa yana dukan bangon a karkace, don haka tagarta tana son rumfa da fulasta mai kyau. Alƙibla ma daga nan gabas take da ɗan karkata arewa. A kan takarda ake gyara zaman masai don kada ya fuskance ta, tun kafin mai famfo ya kafa.

Rabon ɗakuna ya bi wannan. Kicin ya kalli tsakar gida, hayaƙi da tururi su samu mafita, kada a binne shi a tsakiyar gini. Tsohuwa, in tana tare da ku, a ba ta ɗakin ƙasa kusa da fili da banɗaki, inda hantsi ke shiga. Banɗaki da sito a jera su a gefe ɗaya, bututu ya tafi a layi guda, kuɗin famfo ya ragu. Ƙofar shigowa kada ta yi saiti da tsakar gida, a karya hanyar yadda zaure yake yi tun asali. Mai mata biyu kuwa ya sani cewa daidaita ɗakuna da tef bai wadatar ba. In ɗaya tana shan iskar kudu ɗaya tana gasuwa da ranar yamma, rigimar da zai yi shekaru yana sulhuntawa shi ya gina ta da kuɗinsa.

Inda ba yadda za a yi ɗaki ya taɓa fili, akwai dabaru. A ɗaga rufin wani sashe sama da na kusa da shi, a sa dogayen tagogi a ratar. Haske ya sauko daga sama, iska mai zafi ta fita ta nan. A gidan bene matakala ita ce babbar dama: a yi mata taga a can ƙololuwa, a bar gefenta a buɗe, sai ta zubo haske har ƙasa. Ƙofofin ciki a bar musu gilashi ko kafa a sama. Kwanon roba mai shigo da haske yana da amfani a korido ko banɗaki, falle ɗaya, amma kada a kuskura a shimfiɗa shi a kan ɗakin kwana ko falo, don a ƙasarmu zafin da yake shigowa da shi ya fi haskensa yawa.

Wani abin kuma mu ne muke kashe hasken da hannunmu. Ɗan abin da ya samu ya shigo sai ya tarar da baƙin gilashi, bayansa ƙarfen tsaro mai kauri, bayansa raga, bayanta labule ninki biyu, ciki kuma fenti ruwan ƙasa da tayil mai duhu. Farin fenti yana mai do da mafi yawan hasken da ya sauka a kansa, mai duhu kuwa shanyewa yake yi. Farar katanga a tsakar gida, wadda ke fuskantar tagar ɗaki, aikin taga ta biyu take yi, kuma farar ƙasa ma ta isa. Tagar silaidin da ake yayi rabinta kawai ke buɗuwa. Mai ƙyaure da luba suna buɗuwa kusan duka. Gilashi mai hazo yana hana leƙe ba tare da ya hana haske ba.

Leƙe kuwa ba ƙaramar magana ba ce. Malaman Malikiyya sun daɗe da yin hukunci a kai. Wani magini a Tunis a ƙarni na 14, Ibn Rami, ya rubuta littafi sukutum kan hukunce-hukuncen gini, kuma a ciki akwai batun tagar da ke kallon cikin gidan maƙwabci, wadda alƙali yana iya sa a toshe. Mai bene a rabin fuloti ya sa tagoginsa na gefe sama da tsayin mutum, manyan kuwa su kalli tsakar gidansa. Ya samu haske, ya kuma zauna lafiya da jama'a.

Kada a ɗauka maganar ta jin daɗi ce kawai. Sanƙarau da bazara yake tashi, kuma cunkoso a ɗakin da iska ba ta ratsawa yana taimaka masa. Annobar 1996 ta kashe sama da mutum dubu 11 a Nijeriya, akasarinsu a Arewa. Tarin fuka ma ya fi samun gindin zama a ɗaki mai duhu marar iska. Janareton da aka ajiye a korido, da kaskon gawayin da ake shiga da shi ɗaki da hunturu, suna fitar da iskar guba marar wari da ke kashe masu barci. A gidan da ke da fili a buɗe aƙalla akwai inda za a ajiye su nesa da tagar kwana.

Abu ɗaya ne ke sa mutane su tsani tsakar gida a tsakiyar gini, shi ne ruwa. In aka yi ruwan Agusta mai ƙarfi, rufin gaba da na baya duk cikinta suke zuba. Maganin tun kafin a zuba daɓe ne: a binne bututu mai inci 4, gara ma biyu, ya bi ƙarƙashin sashen gaba ya fita rariyar layi, a karkata daɓen tsakar gidan zuwa bakinsa, a sa masa ragar ƙarfe saboda leda, a kuma ɗaga ɗakuna taki ɗaya sama da fili. Wanda ya manta da wannan sai ya fasa tayil ɗin falonsa.

Kafin ka sauke bulon farko, nemi mai zanen gini ko da matashi ne da bai daɗe da gama makaranta ba; da zanen ne za ka nemi izinin gini, wanda a Kano hukumar KNUPDA ke bayarwa. In an gama, kada ka tsaya a takarda. Ɗauki igiya da turaku da toka ka zana ɗakunan a kan filin, ka je da uwargida da safe, ku koma da la'asar, ta tsaya a inda aka ce kicin ne ta faɗa maka abin da ta gani. Ku ɗauka kuma cewa maƙwabtan dama da hagu duk sun riga sun yi bene, ko da yau ciyawa ce a filayensu.